Gwiwar Ƙanena

Ƙanena ya koyi ƙwallo ne a Cirozerin, lokacin da mahaifinmu yake aiki a wurin haƙar gawayin dutse. Akwai wani limamin Katolika a garin, kowa Mompe yake ce masa. Shi ke tara yara a filin bayan lakwal, makarantar boko, yana hura musu usur, kuma shi ya fara saya wa ƙanena takalmin ƙwallo. Bai taɓa ce masa ya bar salla ba. In an kira la'asar ma, shi ke tsayar da wasa ya kora su masallaci.

Bayan rasuwar mahaifinmu muka dawo Agadez hannun Baffa, yayan babanmu, mai shago a kasuwa. Ƙanena ya tafi Yamai, wata ekip ta ƴan ƙwallo ta ɗauke shi, ƙwallo ta zama sana'arsa. Ranar da aka fara nuna shi a tele, Baffa ya fito da telensa bakin shago yana tare masu wucewa: "Ɗana ne wancan, mai lamba a baya!" Sai ka ce sauran ba su da lamba.

Ana nan aka taka shi a wani wasa, gwiwar dama ta tafi. Ekip ɗin da take yi masa kirari ta sa shi a mota ta aiko mana. Lokotoron da ya duba shi a Yamai ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta tsinke, sai an yi masa aiki.

A lokacin Mompe ya zama Monsanyer, babban limamin da ke kan sauran limamansu. Da labari ya kai masa, ya kira ni da kansa. Ya ce akwai likitar mishan a kudu, wato asibitinsu, akwai wanda ya iya wannan aikin, mu kawo yaron kawai.

Na durƙusa na gaya wa Baffa. Ya ce a'a.

Na ce, "Baffa, jijiya ce fa, ba karaya ba."

Ya ce, "Ke, rufe mini baki! A ce ɗan gidan nan ya kwanta wajen ƴan mishan? Da wane ido zan dubi mutane a sahun gaba? Ɗori iyayenmu suka sani, ɗori za a yi."

A gidanmu in wan uba ya yi magana, ta zauna. Ƙanena, wanda yake ratsa ƙatti a fili ba ya ko waiwaye, ya kasa ɗaga kai ya dubi Baffa.

Aka kira maɗori. Ban cika ganin laifinsa ba, ƙashi ya sani, kuma ƙashi aka ce masa. Ya ja ƙafar, ya murɗa, ya ɗaure ta da kara da tsumma, ƙanena yana cizon matashin kai. Da aka kwance, gwiwar ta sandare kamar taɓarya. Daga baya na saci jiki na kai shi wajen lokotoro, ya ce tafiya dai zai yi, amma ƙwallo ta ƙare.

Monsanyer ya zo gidanmu da ya shigo Agadez. Ya zauna kan tabarma, ya shafa gwiwar, ya gaida Baffa da ladabi. Ko kalma ɗaya mai zafi bai faɗa ba. Har shi na ji haushinsa ranar, don ni so nake wani ya ɗaga murya.

Yanzu ƙanena yana daji wurin masu haƙar zinariya. Ba ya iya shiga rami, shayi yake dafa musu. In sun buga ƙwallo ranar Juma'a, shi ke hura usur.

Idon Baffa kuma ya yi yana, ya daɗe ba ya gane fuska sai murya. Bara ya sa rawaninsa, ya shiga mota, ya tafi likitar nan dai ta mishan aka kankare masa. Sahun gaba bai ce komai ba. Ya dawo yana gani tangaran, yana yabon tsabtar wurin, ni kuwa ina zuba masa abinci.

A satin ne ƙanena ya zo gida. Baffa yana zaune a zaure, ya hango shi daga nesa, ya ce da ni, "Wai wane ne wancan yake ɗingishi haka?"

Na ce, "Ɗanka ne, Baffa. Mai lamba a baya."