Motar Kawu Sale a Gindin Kuka

Mu a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Babban Mutum, hira ba ta jiran dare ya yi nisa. Ana idar da magariba kakarmu Inna Dije za ta jawo garwashin murhu tsakar gida, ta watsa gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Maigidan nan nawa, ko kuɗin cefane babu, sai shegen ci," in ji ta, sannan ta miƙo min wadda ta fi ƙonewa. Can gefe kuma Kawu Sale, ɗanta, yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafar hagu, wadda ba ta lanƙwasuwa.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk sun gauraye a kaina. Guda ɗaya ce ta zauna daram, ita ma ba tatsuniya ba ce. In za ta fara sai ta ce, "Yau kurayen masu ƙafa biyu ne, ku matso."

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, Kawu Sale yana jan wata farar akori-kura, yana kai dabbobi kasuwar Baure. Hanyarmu rairayi ce, shi kuwa yana da halin ɗora ƙafa a kan kuloci ko ba zai canza giya ba. A hankali faifan kulocin, wanda ke haɗa inji da taya, ya cinye. Inna ta ce ita ta fara ji da hancinta: duk sanda ya dawo, motar na ƙauri kamar an babbake ƙahon rago.

Wata ranar Laraba Inna ta ce ya shirya ya kai ta suna Daura washegari. Ya ce mota ta kwanta. Ta ce ƙarya yake, ai tana jin injin lafiya lau. Shi ne ya sa ta a gaba da yamma, ya tayar, ya zura babbar giya, ya ɗage ƙafarsa gaba ɗaya. "Inna, mai lafiya da ta yi tsalle ta mutu. Kin ji wannan?" Ya taka totur, inji ya yi ta kururuwa har ƙauye ya amsa, mota ko gezau ba ta yi daga gindin kuka ba.

Kafin gari ya waye aka kwashe shanun huɗar Malam Barau, maƙwabcinmu. Aka ga sawun taya a bakin gonarsa. Mota ɗaya ce a ƙauyen, kuma kowa ya ji rurinta jiya. Shi ke nan.

A nan muryar Inna take sauyawa. Ta ce sun zo da gora da taɓarya, mutanen da ta yi wa wasunsu wanka suna jarirai. Suka finciko shi daga ɗaki ko riga babu. Wani yana ihu, "A kai shi a yanke hannun!" Wani ya ce, "Wa zai jira alƙali?" Gorar farko ta fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Yana cewa "Wallahi ba ta tafiya," wani ya cusa masa ƙasa a baki. Sai ɗan Malam Barau ya ɗaga taɓarya da hannu biyu ya sauke a gwiwarsa ta hagu. Inna ta ce ta ji ƙarar kamar an karya busasshen kara. Ya sake saukewa. Wani yaro kuma ya riga ya fara zuƙo fetur daga tankin motar.

"Sai na faɗa kansa," in ji ta. "Gora ta same ni a nan," ta nuna kafaɗarta. "Na ce, ku matsiyata, ga makulli nan! Ɗanjuma, kai da kake jan tarakta, shiga. In motar nan ta bar gindin kukar nan, ku ƙone mu tare, na yafe."

Ɗanjuma ya shiga yana huci. Ya sa giya, ya saki kuloci, ya danna totur har ƙasa. Inji ya yi ta ihu, ƙauri ya turnuƙe wurin, taya ko juyi. Ya canza giya, haka. Ya fito yana goge hannu a riga, ya ce a hankali, "Wannan ko akuya ba za ta ɗauka ba." Gorori suka fara sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka gano shanun a tsallaken iyaka. Mai ɗori ya yi iya yinsa, gwiwar ba ta koma ba.

Sauran tatsuniyoyi takan rufe su da dariya, ta ce ƙarya ta shara mana don mu yi barci. Wannan kuwa sai dai ta tura toka a kan garwashi ta ce, "Ku tashi."

Yau ni bakanike ne a Daura. Mutum zai zo yana kumfar baki wai inji ya lalace, ko yarona ya cuce shi. Ba na musu. In ja birkin hannu, in sa babbar giya, in ɗage ƙafa, mu saurara tare. Abin da Inna ta koya min ke nan: kafin ka yarda da ƙara, duba ko taya ta juya. Har yanzu in na ji taron mutane suna ihu a kan mutum ɗaya, ina jin haushin ƙauyenmu, ba zan ɓoye ba.

Amma abin da ya fi tsaya min ba maganarta ba ce. In ana labarin, Kawu Sale wuta kawai yake kallo. Sai dai duk sanda Inna ta zo wurin da Ɗanjuma ya sa giya, ina ganin yatsun ƙafarsa ta hagu suna dannawa ƙasa a kan tabarma, suna neman kulocin da bai sake takawa ba har ya rasu.