Ƙaryar Iyon Da Ta Raba Yayana Da Sana'arsa

A lokacin ni direban kai kaya ne a Deira, shekarata biyu a Dubai, muna kwana mu shida a ɗaki ɗaya a Al Karama. Ina da baki, ina kuma da son a ce na iya. A ɗakin akwai wani ɗan garinmu da ya girme ni, Yaya nake ce masa duk da ba mu haɗa jini ba. Sana'arsa nutso: yana shiga ƙarƙashin jiragen ruwa da tukunyar iska a bayansa, yana kankare dattin da ya manne musu. Da wannan aikin yake riƙe da matarsa da 'ya'ya huɗu a gida.

Wata rana ya ce kamfaninsu na neman ƙarin ma'aikata, in na samo takardar koyon nutso zai tsaya mini. Ya tambaye ni ko na iya iyo. Gaskiyar magana, iyona na kududdufin bayan gari ne, wanda in ka gaji sai ka miƙe tsaye ruwan ya tsaya maka a ƙirji. Amma 'yan ɗaki na zaune suna ji, sai na ce ai ni da kifi ba bambanci. Bai ƙara tambaya ba. A makarantar nutson ƙa'ida ce sai an gwada iyon mutum kafin komai, amma Yaya ya gaya wa malamin, wanda suka daɗe da sabawa, cewa ni ɗan gida ne, shi ya tsaya mini. Malamin ya ce khalas, wato shi ke nan, ya tsallake gwajin. Har raina na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

A ɗan wurin iyon makarantar ban sha wahala ba, don ruwan ba zurfi. Sau biyu na yi niyyar faɗa wa Yaya gaskiya, kunya ta hana ni. Babba ya ɗora sunansa a kanka a gaban baƙo, ta ina za ka fara ƙaryata shi?

Ranar da aka kai mu teku, Yaya ya ɗauki hutu ya biyo mu don ya zama abokin nutsona. Da muka sauka ƙasa, malamin ya yi alamar kowa ya cire gilashin fuskarsa ya mayar. Ruwan gishiri na shiga hancina na yunƙura in miƙe in fid da kaina yadda na saba, sai na tuna ruwan da ke bisa kaina ya fi bene tsawo. Hankalina ya gushe. Na tofar da abin shaƙar iskata, na damƙi Yaya na fizge nasa daga bakinsa, na yi sama da iya ƙarfina. An koya mana cewa hawa da sauri na iya fasa huhu. Yaya ya fi kowa sanin haka, amma bai sake ni ba, ya riƙe ni yana rage mini gudu har muka fito tare.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Shi kuwa tun a cikin jirgin ruwan da ya kai mu ya fara tarin jini. Ya yi kwanaki a asibiti, likitoci suka ce huhunsa ya tsage, shi da nutso har abada. Aikin ya tafi, biza ta bi shi. Da na faɗa masa gaskiya ina kuka bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi da na gaya masa tun farko, da shi da kansa zai koya mini iyon a ranakun hutu, wata biyu ya isa.

Ni na raka shi filin jirgi, ni na ɗaukar masa jaka don numfashinsa ba ya kai shi. Yanzu gadi yake yi a garinmu. Har yau in an kira ni daga gida sai in zata mummunan labarinsa za a ba ni.

'Yan'uwana da ke neman abinci a ƙasar wasu, in an tambaye ku abin da ba ku iya ba, ku ce ba ku iya ba, ko da duk ɗakin zai yi muku dariya. Ni dariyar mutum huɗu na guda, aka raba uban 'ya'ya huɗu da sana'arsa.