Ranar da Kawu Ya Ƙi Yarda da Sharuɗɗan Kwamfuta

Kawu, ƙanin mahaifiyata, magatakardan kotu ne kafin ya yi ritaya ya koma noman rake a Makarfi. Da ƙungiyar manoman unguwarsu ta naɗa shi sakatare, sai babban ɗansa ya aiko masa da kwamfutar tebur daga Kaduna. Tana kunnuwa lafiya lau, sai dai babu manhajar rubuta wasiƙa a cikinta. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a Hunkuyi, kuma a dangi ni aka sani da taɓa irin waɗannan kaya, don haka aka kira ni.

A gidan Kawu ba a samun sabis sai an fita tsakar gida an ɗaga waya sama, shi ya sa tun a Zariya na sauke manhajar ofis ɗin gaba ɗaya a filashi. Na iso ranar Asabar da hantsi. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tayar da janareta, ya jawo kujera daf da ni, ya saka tabarau.

Na soka filashin, na kwafe fayil ɗin, na buɗe shi, na danna wajen fara sakawa. Ta tambayi harshe, na zaɓa. Ta tambayi inda za a ajiye, na nuna mata. Sai ga wani shafi cike da ƙananan rubutun Turanci, da ɗan akwati a ƙasansa. Ina shirin dannawa Kawu ya riƙe min hannu.

"Mene ne wannan?"

"Sharuɗɗa ne, Kawu. Dannawa kawai ake yi a wuce. Ma'anarsa na yarda."

"Wa ya yarda?"

"Kai mana, tunda kwamfutarka ce."

"Da me na yarda?"

Na saka wa mutane manhajar nan ya fi a ƙirga, ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba. Ya ce a kotu ya ga waɗanda suka rasa gona saboda irin wannan gaggawa. Rubutun ya yi wa idonsa ƙanƙanta, saboda haka ya ɗauko littafi da biro, ya ce in karanta da ƙarfi.

Na fara. Ba na yin layi uku bai tsayar da ni ba, wani lokaci don ya gyara min furuci, wani lokaci don ya rubuta. Da muka iso inda masu manhajar suka ce ba su da alhakin duk abin da ya lalace, ya cire tabarau.

"Wato in ta haɗiye min sunayen manoma, ba ruwansu?"

"Haka suka ce."

"Ni kuma in na kwafa wa maƙwabcina, na yi laifi?"

"Haka ne."

"To wannan ai ba yarjejeniya ba ce."

Da ya ji cewa in rigima ta tashi a wata ƙasa za a yi shari'ar, sai ya tambaye ni wa zai kai shi. Muna cikin haka man janareta ya ƙare, allon ya yi baƙi. Aka zuba mai, na sake bin matakan, shafin ya dawo. Na nemi inda muka tsaya, Kawu ya ce a'a, a koma farko, wa ya sani ko sun sauya wani abu da muka ba da baya.

Kiran sallar azahar ne ya cece ni. Ya miƙe, ya ce kada in taɓa komai, ya fita masallaci.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta shigo da kwanon dambu, ta tarar na zabga tagumi. Na ba ta labari. Ta goge hannu a zaninta.

"Ina ne ake dannawa?"

Na kai 'yar kibiyar allon kan akwatin, na nuna mata maɓallin. Ta danna da yatsa ɗaya.

"Tun da na zo gidan nan nake yarda da abin da ban karanta ba," in ji ta, ta fice.

Kafin Kawu ya dawo, koren layin da ke nuna ci gaban sakawa ya cika, manhajar ta zauna daram. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon allon, sannan ya kalle ni. Inna ta amsa daga madafa tun bai tambaya ba, ta ce ita ce.

Daga baya ya zauna, ya ce in buɗe wajen rubutun. Takarda ta farko da aka rubuta da manhajar nan sanarwa ce cewa shi, a wannan rana, yana masallaci lokacin da aka amince da sharuɗɗan, liman shaida ne, kuma duk abin da ya biyo baya uwargidansa za a nema. Ya sa na gyara waƙafi sau biyu. Washegari aka buga ta a shagon bakin kasuwa, na sa hannu a matsayin shaida. Da ya kai wa Inna ta dangwala, ta ce sai ya karanta mata tukuna, daga farko.