Girman bulo da nake riƙe da shi a ka

Shagona yana bayan Gare, tashar mota, a Parakou, inda manyan motoci ke juyawa. Gyaran kwamfuta nake yi, amma abin da ya sa aka san ni wata 'yar manhaja ce da na rubuta da hannuna don gwada faifai da katin memori. Sai ta cika kati da rubutu, ta karanta abin da ta rubuta, ta faɗa maka ko lafiyayye ne ko kuwa jabu aka sayar maka.

Kowane kati, idan aka tsara shi, ana yanka cikinsa gida-gida daidai wa daida. Wannan gidan shi muke kira bulo. Wani bulonsa kilo huɗu ne, wato kilobayit, wani talatin da biyu, wani ya fi haka. Manhajata kuwa, in ba ka gaya mata komai ba, kilo huɗu take ɗauka. In ta dace, shi ke nan. In ba ta dace ba, sai lissafinta ya karkace, ta yi wa kati mai lafiya sharri. Kamar ka auna gero da mudun wani gari ne ka ce an cuce ka.

Ni wannan bai taɓa damuna ba, don na san katuna. Ina ganin irin na'urar da ta tsara shi sai in rubuta adadin da ya dace. Na raba manhajar kyauta ga masu gyara na Parakou da Djougou, adadin kuwa yana kaina. Don haka wayata ba ta hutawa. «Maigida, katin kyamara ne, nawa za mu sa?» Sai in ɗan yi jim, kamar mai zurfin tunani, alhali amsar tana bakina. Ina son wannan kiran fiye da yadda nake son shayin safe.

Autanmu ni na koya masa riƙe sukurdireba. Da ya yi aure ya buɗe nasa shagon a Djougou, yana zagayawa har Sérou da Pélébina, wajen masu ɗaukar hoton biki da masu tura wa manoma waƙa a waya. A can kira ba kullum yake shiga ba. Wata rana ya tsaya a gaban mutane da kati a hannu yana ta nemana, bai same ni ba. Da ya koma gida sai ya buɗe cikin manhajar ya ƙara 'yan layuka: kafin ta fara gwaji, ta tambayi katin da kansa girman bulonsa.

Ya turo min yana murna. «Yaya, duba! Yanzu c'est automatique, da kanta take yi, ba sai an dame ka ba.»

Na ce masa ya yi ƙoƙari. Na ajiye wayar, raina kuwa ya yi baƙi ƙirin. Abin haushin, gyaran ya yi kyau, kuma ni ma da na so da tuni na yi shi. Ban so ba ne.

Kira ya fara ja baya, har ya ɗauke. Wani mai gyara da ni na ba shi manhajar da hannuna ya leƙo shagona yana tambaya ko ina da «ta Djougou». Kishi ya ci ni. Tun daga ranar duk tsohon katin da ya shigo hannuna sai na gwada shi da gyaran auta, ba don mai katin ba, don in ga inda zai faɗi.

Na samu kuwa. Katin wani tsohon sikelin auduga mai lantarki ne, wanda ke tsara kati yadda ya ga dama. In manhajar ta tambaye shi girman bulonsa, sifiri yake ce mata, sai ta tsaya cak ta nemi a rubuta da hannu. Na naɗe shi a takarda na ajiye, har matar auta ta haihu, na hau mota zuwa Djougou bikin suna, katin yana aljihun rigata.

Bayan an ci an sha, abokan sana'arsa suka taru a shagonsa, suna ta yabon gyaran nasa a gabana. Na zaro katin. «Auta, gwada mana wannan.»

Ya saka. Manhajar ta tsaya. Ya sake sakawa, ta sake tsayawa. Ni kuwa zuciyata fes. Ya sosa ƙeya, ya juyo gare ni ba tare da wata kunya ba.

«Yaya, wannan ya fi ƙarfina. Nawa ne?»

Duk idanu suka dawo kaina. Na yi jim ɗin nan nawa da na daɗe ban yi ba, na ja shi iya ja.

«Goma sha shida,» na ce. «Duk katin sikelin nan haka yake. Akwai alamar da yake bari a farkon katin, da ita ake gane shi.» Daɗi ya kwashe ni, na nuna musu alamar ma.

Ya rubuta goma sha shida, gwaji ya tafi sumul. Aka yi ta jinjina min. Ina cikin karɓar gaisuwa na ji ƙarar madannai a bayana. Auta ne ya buɗe cikin manhajar yana ƙara layi.

«Voilà,» ya ce, yana murmushi har kunne. «Na koya mata alamar. Allah ya saka da alheri, Yaya. Wannan ma ba za a ƙara tashinka a kansa ba.»

Na ce amin, don mutane suna kallona.