Hancin da Ya Saba da Alwala

Na gama digiri na biyu a Bloomsbury, can ƙasar Turawa, a kan halittun teku ba tare da na taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu a gidansa ba. Ninƙaya na iya, amma irin ta kare, kai a sama. Ba wanda ya tuhume ni, ni ne abin ya dama. Sai da na gama karanta duk labaran haɗurran nutso da na samu, sannan na yi rajista a wata ƙaramar makarantar koyon nutso da ke hayar tafkin wanka kusa da Woolwich ranakun Asabar.

Malamarmu Baturiya ce, dattijuwa, ba ta ɗaga murya. A ƙa'idar nutso ba a shiga ruwa mutum ɗaya, don haka ta haɗa ni da wani Alhaji ɗan Gana, direban bas a Plumstead, wanda 'ya'yansa suka yi wa rajista don ya rage tumbi. Da ya ji inda na fito, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Kayan ba su ba ni wahala yadda na zata ba. Na goya tukunyar iska, na ciji robar numfashi, na sa takalman agwagwa da gilashin da ke rufe ido da hanci. Muka durƙusa a ƙasan tafkin, ina jin numfashina kamar na mai minshari. Ina tsammanin na ji daɗi, ko da yake a lokacin ban tabbatar ba.

Sai aka zo darasin gilashi. Za ka ɗaga shi kaɗan ruwa ya cika shi, sannan ka danne samansa ka huro iska ta hanci har ruwan ya fita. Wanda bai iya wannan ba, ba zai bi 'yan aji zuwa tafkin gaske a bayan gari ba, sai ya jira wani ajin. Turawan ajin suka yi, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina, ruwa na taɓa hancina na zuƙe shi har ƙwaƙwalwa. Na taso sama ina tari, ina ba kowa haƙuri. Ban gama ba sai ga Alhaji ya ɓullo kusa da ni, idanunsa jajir.

"Malam, wannan mata yana so ya kashe mu," in ji shi.

Muka sake, muka sake. Malamar ta ce tsoro ne, mu saki jiki. Na yi mata bayani cewa tsoro ina da shi, ban musa ba, amma ba na jin shi ne ke jan ruwan. Ta ba mu hutu, ta ce idan mun dawo za mu yi gwaji na ƙarshe.

Lokacin azahar ya yi, muka tsaya a famfon ɗakin canja kaya muna alwala. Na kuskure baki, na ɗebo ruwa na kai hanci, na ji ya shige da kansa, ban umarce shi ba. Na tsaya da hannu a sama. A madubi na ga Alhaji shi ma ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Tun muna yara, duk ruwan da ya zo ƙofar hancinmu shaƙa shi muke yi, kuma an sha yi mana faɗa idan ba mu kai shi ciki sosai ba. Ban ce kowane Musulmi haka yake a ƙasan ruwa ba. Mutum biyu ba su isa a yanke hukunci ba. Amma mu dai haka muke.

Na ce, "Alhaji, ai bayan shaƙa akwai fyacewa. Mu ɗauka mun riga mun shaƙa."

Ya ce shi bai taɓa tsallake shaƙa ba tun da aka haife shi, amma tunda ba salla za mu yi a can ƙasa ba, zai gwada.

Da muka koma ruwa, na durƙusa, na ɗaga gilashin, sanyin ruwa ya hau hancina. Na ce a raina an wuce nan, na fyace da dukkan ƙarfina. Ruwan ya sauka, fuskar malamar ta bayyana, ta miƙo hannu muka gaisa. Alhaji kuwa fyacewar da ya yi sai da kumfa ta rufe shi gaba ɗaya. Da muka fito ta ce ta gaya mana tsoro ne kawai. Na so in gyara mata, na ga bayanin zai yi tsawo.

Mun je tafkin bayan gari. Ruwan kore ne, ga sanyi, na ga kifi guda, ƙarami, bai kula ni ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ina alwala a masallacin Whitechapel, na kai ruwa hanci, sai na huro shi a kan wandon wani dattijo da ke zaune kusa da ni. Na ba shi haƙuri da Hausa da Turanci. Ban san matsayin wannan alwalar ba, don haka na sako ta daga farko, dattijon yana kallona, ya ja kujerarsa gefe.