Ƙafar Mai Gyaran Takalma

A layinsu Don-me ake ce masa, bai kuma taɓa musun sunan ba. Mai gyaran takalma ne. A wurin kawunsa ya gaji sana'ar, ya haɗa har da salon zaman: a ƙasa kan buhu, ƙafa ba takalmi, ya matse aikin tsakanin tafin ƙafafunsa, hannuwa suna jan zare. In ka kai masa gyara, sai ya ji dalilin da dunduniyar hagu ta riga ta dama cinyewa. Mai sauri dai ba ya zuwa wurinsa.

Da aka gano yana da ciwon suga, sai abin nema ya samu. Nas ɗin ƙaramin asibitin unguwar takan tara masu ciwon kan benci a baranda duk mako, ta koya musu yadda za su kula da kansu. Wasu gyangyaɗi suke, shi kuwa hannunsa kullum a sama. Don me ƙishirwa ta yi yawa? Ina sugan yake zuwa in an yi tafiya? Ita ma ba ta gajiya, takan ce matambayi ba ya ɓata.

Wata rana ta ce kowa ya miƙo ƙafa. Da ta zo kan Don-me, ta ɗauko wani siririn tsinken roba, ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji taɓi ya faɗa. Ya rufe yana murmushi, yana ta jira.

"Sista, ki fara mana."

"Baba, ai na gama."

Ashe ko taɓi ɗaya bai ji ba. Tana juya ƙafar ta ga wani abu ya bushe a cikin fason dunduniyarsa. Wannan karon ita ta yi tambaya. Ya ce gam ne, da shi yake liƙe duk inda ya tsage, haka kawunsa yake yi. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta bayyana masa cewa suga kan kashe jijiyoyin da ke kai labarin zafi, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ciwo ya ruɓe har a kai ga yanke ƙafa. Daga yau ba gam, ba zama ba takalmi, kuma kullum a duba ƙafar, har tsakanin yatsu.

Tsoro ya kama shi sosai, don shi da ƙafa yake riƙe abincinsa. Ya gwada dubawa da madubi, ido ya ƙi, baya ya ƙi lanƙwasuwa. Dole ya kai kukansa wurin matarsa, yana ta kame-kame, shi da ko ciwon kai bai taɓa gaya mata ba.

Ta ce yau kuma Don-me ne ba baki? Ta jawo kujera bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗora ƙafar a cinyarta, tana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo babban yatsa sai ta danna.

"Ka ji?"

Ƙarya ta zo masa har baki. Ya dubi hannunta, wanda shi ma ya tsufa.

"Ban ji ba," ya ce. "Amma kada ki ɗauke hannun."