Sunan da Bai Hau Shafi Ba

A bayan kantin kawuna da ke Zango muka fara rubuta manhajar da ke gaya wa manoman Takieta da Dakusa farashin gero da gyaɗa a wayarsu. Kyauta ce, a buɗe take, kowa na iya ɗauka ya gyara. Ɗaki da wuta duk na Kawu ne. Kayan aikin da muke rubutun da su kuwa, wani kamfanin Turai ne ya ba mu lasisinsu kyauta, bisa sharaɗi guda: mu sa sunansu da godiya a shafin farko.

Ana haka wani ɗan kasuwa Bakano, mai bakin da ba ya ajiya, ya nuna wa Kawu shafin, ya ce ga 'ya'yanka can suna yi wa Nasara kirari, kai ko oho. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce kawai a cire godiyar, na cire. A makon kamfanin ya aiko cewa in ba su ga godiyarsu ba, ba za su sabunta lasisin ba. Ga kaka ta kama, manoma na jiran farashi.

Tsoro na ji ƙwarai, da haushi. Na sami Kawu yana awon dawa, na tsuguna har ƙafata ta yi sanyi. Na ce to a sa sunansa sama da nasu. Ya ajiye tiya, ya dube ni.

"Ni zan sayar da ladana don a karanta sunana?"

Na ce a yi haƙuri, amma masu kamfanin fa sai an gode musu a bainar jama'a. Ya sa na maimaita. Wato da bakinsu suka roƙi godiyar? Na ce e. Sai ya ce:

"Ashe mabuƙata ne. Ba a hana mabuƙaci. Mayar musu, ka rubuta da manyan baƙi."

Kafin la'asar na mayar, aka sabunta lasisin. Bara Kawu ya rasu. Har yau in na buɗe shafin, sunan da ba ya nan shi nake fara gani.